Kundin Shagonmu: Ɗinkin Sallah Ba Tare da Kwanan Zaune Ba

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Daga gobe shagonmu na ɗinki da ke Tudun Wada zai riƙa rufewa ƙarfe 9:00 na dare, mu buɗe da sassafe. Burina shi ne mu kai ƙaramar Sallah ba tare da wani yaro ya yi kwanan zaune a kan keke ba. Duk wanda ya san sana'ar tela a Zariya ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mun taso mun tarar hana ido barci yana cikin sana'ar. Azumi na kamawa, bi layin teloli ƙarfe 2:00 na dare, daga Tudun Wada har Sabon Gari, za ka ji kekuna na ta kuka, janareta na ruri, mai shayi na kai-kawo. Wanda ya fi daɗewa ido biyu shi ake yaba wa ƙwazo.

Yaran da ke hannuna amana ne. Iyayensu sun kawo su su koyi sana'a, ba su damƙa mini lafiyarsu don in cika alkawarin kwastoma da ita ba. Kafin in gaji keken mahaifina, Allah Ya jiƙansa, na yi karatun ilimin halittu, kuma abin da na karanta a kan barci yakan dawo mini duk sanda na ga yaro ɗan shekara 16 yana gyangyaɗi, almakashi a hannu. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana, babba kuma kada ya gaza awa 7. Lokacin ɗinkin Sallah, yaron tela da ya sami rabin haka ya yi sa'a.

Bayan La'asar na tara su na faɗa musu sharuɗɗa. Kowa ya tsai da lokacin kwanciyarsa da na tashinsa, kada ya sauya ko ranar hutu. Daga La'asar babu shayi, babu goro. Aikin hannu a ƙofar shago za a yi shi da safe, inda rana ke bugowa. Na kuma ajiye wani littafi kusa da littafin awo: duk wanda ya shigo ya rubuta lokacin da ya kwanta, lokacin da ya farka, da yadda ya ji jikinsa. Da sunana aka buɗe shafin.

Litinin, 13 ga Janairu

Babban yarona, wanda ya riga ya iya yanka, shi ya fara ja da ni, cikin ladabi. "Oga, ai awa bakwai awa bakwai ce. In na kwanta bayan Asuba na tashi da Azahar, me na rage?" Na ajiye alli na zauna, don tambayar ta cancanci amsa.

Jiki ba ƙidayar awanni kaɗai yake yi ba, yana duba lokacin da suka faɗo. A can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curi na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000. Shi ne babban agogon jiki, kuma ido ke kai masa labarin haske da duhu. Duhu na shiga sai a fara sakin sinadarin melatonin, mai sanar da gaɓoɓi dare ya yi. Zafin jiki ya riƙa sauka har ya kai ƙarshen saukarsa gabanin Asuba, bugun zuciya ya lafa. Gab da wayewar gari kuma sinadarin kotisol ya hau, ya shirya mutum don aiki. Hanta da hanji da zuciya da tsoka kowannensu na da nasa ƙaramin agogon, duk suna daidaita kansu da babban, kamar yadda ladanan ƙananan masallatan unguwa ke sauraron kiran babban masallaci kafin su ɗaga murya. Mai kwanciya bayan Asuba kullum yana neman barci ne a lokacin da jikinsa ke shirin tashi, yana kuma cin abinci a lokacin da hanji da hanta suka shiga hutu. Shi ya sa barcin rana kan zo guntu-guntu, mutum ya tashi kai na sara masa.

A 2017 aka ba wasu Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda gano yadda wannan agogo ke juyawa a cikin ƙwayar halitta. A jikin ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace suka yi binciken. Wani furotin ne ke taruwa da dare ya narke da rana, kuma taruwarsa ita ke dakatar da ƙera shi, in ya ƙare a sake sabon zagaye. Irin wannan zagayen yana gudana a jikinmu mu ma, ko muna so ko ba ma so.

Na kawo musu ayoyin Suratun Naba'i, inda Allah Ya ce Ya sanya barci hutu, dare sutura, yini kuma lokacin neman abinci. Ƙaramin cikinsu ne ya ƙarasa mini karatun. Babban bai ce ya yarda ba. "To Oga, za mu gani," in ji shi.

Juma'a, 24 ga Janairu

Wuta ce babbar matsalar. A layinmu ta fi zama da dare, kuma da ma ita ce hujjar kowane tela: yaya za a kawo wuta ka je ka kwanta? Sai na raba aikin gida biyu. Yanka, haɗi a keken ƙafa, kalmasa, maɓalli, guga da dutsen gawayi, duk ba ruwansu da lantarki. Injin aiki da na wibin ne kaɗai ke bukata. Na sayar da tsohon janareta, na cika kuɗi na sayi batir da inbata na hannu. In wuta ta zo cikin dare batir ya sha, da safe injin ya ci. Ba ya kai mu yamma, amma yana kai mu Azahar, kuma kuɗin fetur ya daina fita.

Talata, 4 ga Fabrairu

Hazo ya sauko sosai makon nan, mai zuwa Wusasa ma sai ya matso yake ganin Dutsen Kufena. Duk da haka ba mu fasa zaman safe a ƙofar shago ba. Mun fito da benci, kowa cikin rigar sanyi. Ƙaramin yana ɗaura maɓalli a wuyan kaftani, in ya gama ɗaya ya hura yatsunsa kafin ya zura zare a na biyu, ga kofin koko a gefen ƙafarsa yana tururi.

Sun ɗauka tunda hazo ya rufe rana zaman ba shi da amfani. Yana da shi ƙwarai. Hasken ɗakin da aka kunna ƙwai bai cika wuce 'yan ɗaruruwa ba a ma'aunin haske, na waje kuwa ko rana a lulluɓe take dubbai ne, in ta buɗe ya haura 10,000 nesa ba kusa ba. Saurin sabo na ido ne ke sa mu ga kamar bambancin kaɗan ne.

Abin da ya sa na nace a kan wannan zama shi ne agogon jiki ba ya tafiya awa 24 cif. In aka raba mutum da rana, zagayensa kan zarce da minti 10 da ɗoriya a matsakaici, sai hasken safe ya dawo da shi kan layi kowace rana. Kuma agogo ne mai taurin kai. A 1938 wani masanin barci, Nathaniel Kleitman, ya shiga kogon Mammoth a Amurka shi da wani ɗalibi, suka yi kwana 32 inda hasken rana ba ya kaiwa, suna gwada rayuwa a kan yini mai awa 28. Jikin Kleitman ya ƙi: zafin jikinsa ya ci gaba da hawa da sauka a kan tsohon lokacinsa. Hasken safe yana jawo barcin dare ya zo da wuri, hasken dare kuma yana tura shi gaba.

Nan ne littafin ya fara amfani. Ƙaramin yana rubuta ya kwanta ƙarfe 10:00, amma da safe idonsa jawur. Da na bi ba'asi, ashe a kwance yake da waya, daga wannan bidiyo zuwa wancan har tsakar dare ta wuce. Ban yi masa faɗa ba, domin wani ɓangaren ba laifinsa ba ne. Yaro in ya shiga balaga agogonsa da kansa yake ja baya, barci ba ya zo masa da wuri kamar da. In aka haɗa wannan da hasken waya a fuska da abin da ke tayar da hankali a cikinta, dare ya tafi. Shi da kansa ya ce zai riƙa barin wayar a shago tana caji.

Mu a Zariya Allah Ya sauƙaƙa mana. Tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara awa ɗaya ne da 'yan mintoci, ba kamar Ingila ba inda rana kan faɗi wajen ƙarfe 4:00 na yamma a tsakiyar sanyi. Ga sallar Asuba ta tsayar mana da lokacin tashi. Ga hadisin da ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ƙin barci kafin Isha'i da hira a bayanta. Abin da ake biyan likita a wasu ƙasashe ya tsara wa mutum, mu a hannunmu yake, mu ne muka sake shi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Baba mai aikin hannu ya zo daga cikin birni da babbar riga, aska takwas, wadda ya shafe watanni a kanta. Da yamma ne, ya zauna ya fito da farin goro daga aljihu ya ɓare ya miƙo mini. Na karɓa na ajiye, na gaya masa dalili. Ya yi murmushi. "Ɗana, ni da goro tun kafin a haife ka. Bai taɓa hana ni barci ba." Can cikin hira kuma ya ce yakan farka sau da yawa cikin dare, yana ɗauka tsufa ne.

Tsufa na da nasa rabon, amma goro ma na da nasa. Tun daga farkawar mutum wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, taruwarsa ita ce nauyin idon da muke ji da dare. Sinadarin kafin (caffeine), wanda ke cikin goro da ganyen shayi da kofi da lemun ƙara kuzari, zuwa yake ya tare gurbin da adenosin ke zama. Gajiyar tana nan, jin ta ne aka toshe. Bayan kamar awa 5 rabinsa ne kawai ya bar jini. Wanda ya ci goro da Magariba, ko barci ya ɗauke shi, ba ya nutsawa yadda ya kamata. Ban ja da Baba ba, ba a yi wa babba haka. Na roƙe shi ne ya gwada mayar da goron safe zuwa Azahar. Ya ce zai duba.

Mai shayin layinmu yanzu ya san namu: da yamma madara da ruwan zafi, ba ganye.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Wannan ba maganar shago ba ce, amma daga nan ta taso. Uwargida ta ba matar Yayana labarin abin da muke yi, sai ita kuma ta buɗe mata ciki. Yaya yana minshari mai ƙarfi, can sai numfashin ya ɗauke ɗif, ta yi ta jira gabanta na faɗuwa, sannan ya fizgo shi da ƙara. Da rana ana cikin hira barci ke sace shi. Ga hawan jini da ya ƙi jin magani.

Mun ɗauki minshari abin tsokana, alhali irin wannan ciwo ne. Maƙogwaro ke rufewa cikin barci, iska ta yanke, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum ya ja numfashi, haka har gari ya waye shi bai sani ba. A lafiyayyen barci jini kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, wannan ne hutun zuciya da jijiyoyi. Mai wannan ciwo ba ya samun hutun. Kwanciya da wuri ba ta maganinsa, aikin likita ne. Na same shi a gida na ce, "Yaya, don Allah ka ba ni safiya ɗaya mu je Shika." Ya amince, mun je asibitin koyarwa, an duba shi an ba shi ranar komawa.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Na rufe karɓar ɗinkin Sallah yau, azumi bai ma kama ba. Na lissafa abin da hannuwanmu za su iya da rana kaɗai, da aka kai adadin na ja layi. Wata Hajiya da ta daɗe tana kawo mana kayan 'ya'yanta ta zo da shadda har da kafin alƙalami a hannu. Na ba ta haƙuri, na nuna mata wani tela da na yarda da aikinsa. Ranta bai so ba, nawa ma haka. Amma kwanan zaune ba daren jajibere yake farawa ba, yana farawa ne ranar da tela ya karɓi kayan da ya san rana ba za ta ishe shi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Ranar Asabar 1 ga wata muka tashi da azumi. Tsarin ya sauya: muna rufewa kafin Magariba, kuma ba mai dawowa shago bayan asham. Kwanciya ƙarfe 10:00, tashi sahur, Asuba, sannan aiki tun da sanyin safe, lokacin da hannu ya fi sauri. Barcin daren bai cika ba, don haka bayan Azahar ake sauke labule, a shimfiɗa tabarma tsakanin kekuna, kowa ya yi ƙailula.

Azumi ya nuna wa yaran wani abu da bakina bai iya nuna musu ba. Da suna cewa tuwon rana ke kawo kasalar Azahar. Yanzu ciki ba komai, kasalar kuma tana zuwa a kan lokacinta. Agogon jiki ne ke ɗan sassautawa a tsakiyar yini. Manya minti 20 zuwa 30 ya ishe mu, mu tashi garau. Ƙananan nakan bar su su kai awa ɗaya da rabi. Abin da na hana shi ne barcin bayan La'asar, don daga na dare yake ci.

Na kuma yi musu maganar ciki. Al'adar tela ce ƙarfe 1:00 na dare ya aika a kawo indomi da ƙwai da shayi mai kauri, suga cokali nawa. Jiki ya fi iya sarrafa suga da safe a kan dare, rashin barci kuma yana ƙara dagula lamarin. A 1999 masu bincike a Jami'ar Chicago suka taƙaita wa samari 11 masu cikakkiyar lafiya barci zuwa awa 4 har dare 6. Saurin da jikinsu ke kwashe suga daga jini ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Samari ke nan, cikin ƙasa da mako. Rashin barci yana kuma buɗe ciki, ya sa kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Ka ɗauki mutumin da ke zaune a kan keke yini guda, shekara da shekaru, ka ƙara masa wannan. Ina duban manyan telolin da na sani masu fama da ciwon suga da hawan jini, hankalina ba ya kwanciya.

Juma'a, 14 ga Maris

Muna buɗewa sai ga yaron wani shago a layinmu, hannu naɗe da ƙyallen atamfa, jini ya rine shi. Na warware a hankali. Allura ta shiga ta saman farcen manuniyarsa ta fita ta ƙasa, ta karye, guntun yana ciki. Wajen ƙarfe 3:00 na dare abin ya faru, ya ɗaure ya zauna yana jiran gari ya waye. Ya ce shi bai san ya yi barci ba, yana dai bin layin ɗinki, sai zafi ya ji. Babban yarona ya ɗauke shi a mashin zuwa asibiti, aka cire, aka yi masa allurar tetanus.

Gaskiya ya faɗa. Ƙwaƙwalwar da ta gaji takan ɗauke na 'yan daƙiƙu, ido a buɗe, ƙafa na ci gaba da taka keke. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna wanda ya kai awa 17 bai runtsa ba, hannunsa da idonsa kan yi rauni daidai da na wanda giya ta kai masa matakin da ƙasashe da dama ke hana tuƙi. A wajenmu yatsa ne. Direban da ya taso daga Kano cikin dare ya wuce Kwangila ya nufi Kaduna da fasinjoji fa?

Akwai abin da ya fi allura ba ni tsoro. Yaron da aka ce lallai ya kai Asuba a farke zai nemi abin da zai riƙe shi. Daga shayi mai kauri a koma lemun gwangwani, daga nan wani aboki ya miƙo ƙwaya ya ce tana kashe gajiya. Sallah ta wuce, ƙwaya ba ta wuce ba. In muna zagin shaye-shayen samari a majalisa, ya kamata mu masu shaguna mu tambayi kanmu aikin wa suke yi a daren da suka fara.

Asabar, 22 ga Maris

Goman ƙarshe sun shigo, da tahajjudi. Ba zan tsaya tsakanin yaro da ibadarsa ba. Aikin ne zai matsa. Mai zuwa tahajjudi ya kwanta ana idar da asham, ya ƙara awa ɗaya da rabi bayan Asuba, ya iso shago ƙarfe 8:30.

Ba da ka na zaɓi awa ɗaya da rabin ba. Barci zagaye-zagaye yake zuwa, kowane kimanin minti 90, daga marar nauyi zuwa mai nauyi zuwa na mafarki, wanda ido ke motsi da sauri a ƙarƙashin fata. Kleitman ɗin nan na kogo shi da ɗalibinsa Eugene Aserinsky suka gano wannan mataki a 1953. Mai nauyin ya fi yawa a farkon dare, a cikinsa ne jiki ya fi sakin sinadarin girma da gyaran tsoka. Na mafarkin ya fi yawa gabanin safiya. Wanda ya yi hira har ƙarfe 12:00 sannan ya tashi tahajjudi ya yi asara ta gaba da ta baya. Ga mai koyon sana'a akwai ƙari: abin da aka nuna wa hannu da rana, cikin barci ƙwaƙwalwa ke ƙarasa kafe shi. Na sha nuna wa yaro yadda ake fitar da aljihun kaftani ya yi ta karkacewa har yamma, washegari ya zo ya yi shi sumul.

Aiki ya taru fiye da lissafina, don injin aiki ya tsaya kwana biyu sai da aka sauya masa bel. Manyan suka nemi su riƙa dawowa bayan asham. Na yarda zuwa ƙarfe 10:30, ga manya kaɗai, kuma ban da daren da mutum zai je tahajjudi. Ƙananan ko kusa. Wanduna kuma na raba wa wani abokin sana'a da aiki ya yi wa kaɗan.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, 30 ga Maris. Riga ta ƙarshe ta bar shagonmu daren jajibere kafin Isha'i, muka share, muka rufe. Babu wanda ya yi kwanan zaune. A shekarun baya ranar Sallah tela barci yake wuni, wani har Idi ke kuɓuce masa. Bana duk mun haɗu a filin Idi, yaran suka wuce yawon Sallah da ƙarfinsu.

Kuɗin da ya shigo bai kai na bara ba, wannan a fili yake. Sai dai fetur bai ci komai ba, farke ɗinki ya ragu sosai, kuma ba mu ɓata yadin kowa ba balle mu biya. A littafin, kalmar "ciwon kai" da ta cika shafukan farko sai jefi-jefi. Ni kaina na daina farkawa da nauyin ƙeya. Babban yarona ya zo gaisuwar Sallah, da zai tafi ya tsaya a zaure ya ce, "Oga, in na buɗe nawa shagon, haka zan yi." Hajiyar nan ba ta dawo ba tukuna.

Asabar, 19 ga Afrilu

Bazara ta kankama, barcin kowa ya sake lalacewa. Sai zafin cikin jiki ya ɗan sauka barci ke kama mutum sosai, ɗakin kwano kuwa da ya sha rana yini guda ba ya barin hakan. Abin da ke taimaka mana: watsa ruwa kafin kwanciya, yayyafa wa tsakar gida ruwa da yamma, a kwana a waje cikin gidan sauro. Na saya wa waɗanda ba su da shi.

Na zauna da maigadin layinmu, wanda shi ba shi da zaɓi, kamar masu gidan burodi da ma'aikatan jinya. Hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo ciwon daji, tun 2007, ta kuma sake tabbatar da haka a 2019. Ban gaya masa don in tsorata shi ba. Mun yi maganar abin da zai iya: ya tsai da lokaci ɗaya na barcin rana, ya toshe tagar ɗakin da baƙin ƙyalle, ya ci babban abincinsa kafin ya fito aiki maimakon tsakar dare, ya riƙa auna jininsa. Na ɗinka masa labule mai kauri da ragowar yadi. Zan kuma kai wa masu shagunan layin shawarar mu ɗauki maigadi na biyu su riƙa karɓa-karɓa.

Babbar Sallah na farkon Yuni. Zan rufe karɓar kaya a makon farko na Mayu. Maigidan yaron da allura ta soka ya aiko a tambaye ni kuɗin batir da inbata, na ce ya zo ya gani da idonsa.

Saura yaro ɗaya da har yanzu shafinsa bai gyaru ba. A zauren kawunsa yake kwana tare da samari da yawa, ana hira da kallon ƙwallo har dare ya raba, ƙwai a kunne. Yana kwanciya a kan lokaci, barcin ne ba a bar masa ba. Akwai ɗan ɗaki a gidanmu da ake ajiye buhuna, na sa an kwashe. Ranar Litinin bayan La'asar zan je in nemi izinin kawun nasa.